Bayan Likita Ya Faɗi Sunan Cutar: Larurar Kasa Sabawa a Tsakanin Marasa Lafiya

Duk wanda likita ya zaunar da shi ya ce masa yana da ciwon daji, ko ƙodojinsa sun daina aiki, ko kuma babu makawa sai an yanke masa ƙafa, dole hankalinsa ya tashi. Rashin barci na 'yan kwanaki, kuka a ɓoye, abinci ya ƙi shiga, mutum ya yi ta tambayar kansa yadda aka yi abin ya faɗo a kansa, duk wannan halin mai cikakken hankali ne. Kuma yawancin mutane suna wuce wannan mataki. Bayan mako biyu ko uku sai ka ga mutum ya fara tambayar yadda ake shan maganin, ya fara lissafin ranakun komawa asibiti, ya koma hira a kan abin da bai shafi ciwon ba. Baƙin cikin yana nan, amma ya daina hana shi motsi.

Akwai kuma waɗanda ba sa wucewa. Wata guda, wata biyu, suna nan inda labarin ya same su. Da tunanin ciwon suke kwana, da shi suke tashi. Aikin da jikinsu zai iya yi sun ajiye, mutanen da suka saba zama da su sun ƙaurace musu, wasu har maganin ma sun fara wasa da shi. Idan aka auna su da sharuɗɗan cutar tsananin damuwa ba su cika su ba, amma duk wanda ya san su a da ya san an samu canji. Wannan tsaka-tsakin shi likitocin ƙwaƙwalwa ke kira larurar kasa sabawa da sauyin rayuwa. A asibitoci tana cikin larurorin tunani da aka fi cin karo da su, tana kuma cikin waɗanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kundi biyu likitoci suka fi dogara da su wajen tantance ta. Na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya ce alamomin su bayyana cikin wata uku da faruwar abin da ya tayar da hankalin, damuwar ta zarce abin da ake tsammani ko ta hana mutum tafiyar da harkokinsa, sannan kada ta wuce wata shida bayan musabbabin da duk abin da ya haifar sun kau. Ya kuma kasa ta gida-gida: mai rinjayen baƙin ciki, mai rinjayen fargaba, mai haɗa su biyun, da wadda ke fitowa ta ɗabi'a, kamar saurin faɗa da ganganci. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya fi taƙaitawa, kuma a ganina ya fi dacewa da abin da ake gani a bakin gadon mara lafiya. Ginshiƙi biyu ya kafa. Na farko, tunanin abin da ya faru ya mamaye mutum, ya yi ta saƙa da warwara a kansa ba dare ba rana. Na biyu, ya kasa daidaita rayuwarsa da sabon halin da ya tsinci kansa a ciki. Alamomin kan fito cikin wata guda. Andreas Maercker na Jami'ar Zurich yana cikin masanan da bincikensu ya kai ga wannan tsari.

Sharaɗin wata shida ya fi dacewa da musibar da ke da farko da ƙarshe, irin su kora daga aiki ko mutuwar aure. Ciwo mai daɗewa ba haka yake ba. Mai wankin ƙoda yakan je asibiti sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, kuma idan ba dashe aka yi masa ba haka zai ci gaba. Yaushe musabbabin damuwarsa zai kau? Kundayen biyu sun yarda cewa larurar na iya daɗewa muddin abin da ya jawo ta yana nan, shi ya sa a wurin masu ciwon jiki takan zarce wa'adin da aka saba ambata. Ga shi kuma ciwo ba bugu ɗaya yake yi ba. Ranar da aka faɗi sakamakon gwaji daban, ranar da aka fara magani mai wahala daban, ranar da gashi ya zube ko aka ga tabon tiyata a karon farko daban, haka ranar da aka ce cutar ta dawo. Mutum na iya jure na farko da na biyu, na uku ya kayar da shi.

Alƙaluman da ake da su sun fi yawa daga fannin ciwon daji, domin a nan aka fi yin bincike. A 1983 Leonard Derogatis da abokan aikinsa suka tantance marasa lafiya 215 a cibiyoyi uku na kula da masu kansa, wato ciwon daji, a Amurka. Kashi 47 cikin 100 suna da wata larura ta tunani, kuma kusan kashi 68 cikin 100 na waɗannan larurori na kasa sabawa ne. A 2011 Alex Mitchell ya jagoranci tattara sakamakon bincike 94 da aka yi ta hanyar ganawa da marasa lafiya ido da ido, aka buga a mujallar Lancet Oncology. A sassan kula da masu kansa da cututtukan jini, kimanin kashi 19 cikin 100 suna da larurar kasa sabawa, kashi 16 suna da cutar tsananin damuwa, kashi 10 kuma cutar fargaba. A sassan da ake kula da waɗanda cutarsu ta yi nisa, larurar kasa sabawa ta kai kashi 15. Wato a ɗakin da aka kwantar da masu kansa ashirin, ana iya samun uku ko huɗu da ke cikin wannan hali, ban da masu cutar damuwa ta sosai.

To me ya sa ba a cika ganin su ba? Babban dalilin wata tambaya ce da kowa ke yi, likita da nas da dangi: wa zai ji irin wannan labari bai damu ba? Tambayar gaskiya ce, amma inda take kai mu shi ne matsalar. Da zarar an fahimci dalilin damuwar mutum sai a ɗauka babu sauran abin yi. Wanda ya faɗo daga bene ya karye, an san dalilin karayarsa sarai, kuma sanin bai taɓa hana a ɗora shi ba. Damuwar mai ciwo kullum tana da dalili, saboda haka neman dalilin ba zai raba mana wanda ke buƙatar taimako da wanda zai wuce da kansa ba. Abin dubawa biyu ne: damuwar tana sauyawa da tafiyar kwanaki ko ta tsaya cik wuri guda, kuma me ta ƙwace wa mutumin bayan abin da ciwon ya riga ya ƙwace?

A ɗauki misalin magidanci mai shekara hamsin da 'yan kai, direban babbar mota, wanda ƙodojinsa suka gaza wata biyu da suka wuce. Nas ta zo haɗa shi da na'ura ta ce, "Sannu Baba, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi," ya juya fuska bango. A takardarsa babu abin da za a rubuta, sai dai an lura ya tsallake zama biyu a wannan watan. Matarsa ce ta san sauran: cikin dare yakan tashi ya baje takardun gwaji yana duba lambobin da bai fahimta ba, ya daina ɗaga wayar abokan aikinsa, kuma ƙaramin abu sai ya hau faɗa. Amma ranar da aka kawo masa jikarsa ya yi dariya har da kyakyatawa, ya ci abinci, sai bayan an tafi da ita ya koma gidan jiya. Da wani zai ja kujera ya ce, "Baba, a cikin duk wannan al'amari, me ya fi damun ka?" mai yiwuwa ba zancen mutuwa zai yi ba. Zai iya cewa, "Shekara talatin ni ke riƙe da gidana. Yau ɗana ne ke biya mini kuɗin wankin nan." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan amsa ta nuna abin da ya sa girman ciwo a idon likita ba ya faɗa mana wanda zai durƙushe. Masana halayyar ɗan Adam Richard Lazarus da Susan Folkman sun bayyana tun 1984 cewa nauyin musiba a kan mutum ya danganta da yadda ya auna ta da yadda ya auna ƙarfinsa na tunkarar ta. Howard Leventhal kuma ya nuna cewa kowane mara lafiya yana gina nasa bayanin cutar a zuciyarsa: mene ne wannan, me ya jawo shi, tsawon wane lokaci zai ɗauka, me zai yi mini, kuma akwai abin da ni ko magani za mu iya? Wannan bayanin na cikin zuciya shi ke jan ragamar halinsa, ko da ya saɓa wa abin da ke cikin fayil. Mutum biyu za su sami bugun zuciya iri ɗaya. Ɗaya ya ɗauka gargaɗi ne, ya daina shan taba ya fara tattaki. Ɗayan ya ɗauka zuciyarsa ta zama abin lallaɓawa, ya daina hawa bene, ya daina kusantar iyalinsa, yana taɓa jijiyar hannunsa kowace sa'a. Matar da ta ga yadda kansar mama ta yi da mahaifiyarta, da an ambaci sunan cutar waɗancan watannin na ƙarshe take gani, ko da tata an gano ta da wuri kuma ana sa ran warkewa.

Akwai abubuwan da ke ƙara haɗarin: wanda ya taɓa fama da larurar tunani a baya, wanda ba shi da mai tsaya masa, wanda ciwon ya taɓa hanyar abincinsa, wanda raɗaɗi ya hana shi sakat, da wanda ciwon ya sauya masa siffa ko ya shafi mu'amalar aure. Matasa kuma sau da yawa ta ɗabi'a abin ke fito musu. Saurayi mai ciwon suga da ya daina yi wa kansa allurar insulin a gaban abokansa, ya fara ƙaryar sakamakon awon jini, an fi saurin kiransa mai taurin kai fiye da a tambaye shi yadda yake ji da cutar da za ta bi shi har tsufa.

Wurin da aikin ya fi wuya shi ne raba wannan larura da makusantanta, kuma a nan ake yin kuskure ta ɓangare biyu. Sharuɗɗan cutar tsananin damuwa a DSM-5 alamomi biyar ne cikin tara, su ɗauki aƙalla mako biyu. Cikin taran akwai kasala, rashin cin abinci, matsalar barci da kasa tattara hankali. Duk wanda ake yi wa maganin kansa mai ƙarfi yana iya samun waɗannan huɗun daga maganin kaɗai. A ƙara masa baƙin ciki, ya cika biyar, an rubuta masa cutar damuwa ke nan. Patricia Casey, likitar ƙwaƙwalwa a Dublin, ta daɗe tana jan hankali cewa ta wannan hanya ana mayar da masu larurar kasa sabawa masu cutar damuwa a takarda. An nemi mafita tun da daɗewa. A 1983 Zigmond da Snaith suka fitar da ma'aunin HADS na auna fargaba da damuwa a asibiti, mai tambayoyi 14, wanda da gangan ya kauce wa alamomin jiki. A 1984 Jean Endicott ta ba da shawarar a musanya alamomin jiki da na hali idan ana tantance masu kansa, kamar janyewa daga mutane, yawan shiru, da rashin motsawar zuciya ko da abin farin ciki ya faru.

Wannan na ƙarshe shi ya fi amfani a aikace. Mai larurar kasa sabawa, idan ka ɗauke hankalinsa daga ciwon, yakan dawo kamar yadda aka san shi, ko na ɗan lokaci ne. Dariyar direban nan da jikarsa alama ce babba. Mai cutar tsananin damuwa kuwa duk inda ya je da duhunsa yake zuwa: abin da ya saba jin daɗinsa ya zama lami, yana ganin kansa ba shi da wata daraja, yana ɗora wa kansa laifin da bai aikata ba. Akwai kuma hali na uku da David Kissane na Ostareliya ya yi rubutu sosai a kansa, wato karayar zuciya, inda mutum yana iya jin daɗin abin da ke gabansa amma ya yanke ƙauna da gobe, yana ganin ya zama kaya a wuyan mutane. Wannan yakan haɗu da larurar kasa sabawa, kuma shi ne ya fi sa mara lafiya ya ce a ƙyale shi haka.

Kafin a ce tunani ne, sai an tabbatar ba jikin ne ke magana ba. Wannan mataki ina ganin bai kamata a taɓa tsallake shi ba. Magungunan sitiroyid irin su prednisolone da dexamethasone suna iya hana barci, su kawo fushi, zumuɗi ko baƙin ciki. Maganin interferon sananne ne wajen jawo damuwa. Efavirenz, da ake ba masu cuta mai karya garkuwar jiki, yana kawo munanan mafarkai da sauyin hali ga wasu, haka cycloserine da ake amfani da shi a tarin fuka mai bijire wa magani. Raguwar aikin tayirod, wani ƙulli a wuya mai fitar da sinadarai, ƙarancin jini, da hauhawar sinadarin kalsiyam a jinin wanda kansa ta kai ga ƙashinsa, duk suna iya kama da damuwa. Mafi haɗari shi ne ruɗewar ƙwaƙwalwa mai zuwa da shiru, musamman ga tsofaffi bayan tiyata ko lokacin zazzaɓi mai tsanani. Dattijo ya yi lamo, ba ya magana, sai a ce tunani ne ya yi masa yawa, alhali ƙwaƙwalwarsa ce ta rikice saboda wata cuta da ke buƙatar maganin gaggawa. Idan aka ce ya jero ranakun mako daga ƙarshe zuwa farko ya kasa, ko aka ga da safe yana cikin hayyacinsa da yamma ba ya gane mutane, to a koma binciken jiki. Sai kuma raɗaɗi. Wanda ciwo ya hana shi barci tsawon mako guda, ba a yanke hukunci a kan halin zuciyarsa sai an kashe masa raɗaɗin tukuna.

Larurar tana da masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Wasu likitoci na kallon ta a matsayin kwandon da ake jefa duk abin da aka rasa sunan da za a ba shi. Wasu kuma na tsoron kada a mayar da baƙin cikin ɗan Adam na yau da kullum cuta, a ce duk wanda ya zubar da hawaye a asibiti sai ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne iyakar da ke tsakanin damuwar da aka saba da wadda ta zarce ba a ja ta da layi ba, kuma abin da ake ɗauka wuce gona da iri ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, har daga gida zuwa gida. Amma ni na fi tsoron kuskuren da ke ɗaya ɓangaren, saboda sakamakonsa ya fi muni kuma an fi yawan yin sa.

Wani bincike da Fang Fang da abokan aikinta suka buga a New England Journal of Medicine a 2012 ya bi bayanan mutum kusan miliyan shida a Suwidin daga 1991 zuwa 2006. A makon farko bayan an gaya wa mutum yana da kansa, haɗarin ya ɗauki ransa ya ninka fiye da sau 12 idan aka kwatanta da wanda ba shi da cutar, a shekarar farko kuma kusan sau 3. Haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya a wannan makon ya ninka fiye da sau 5. Binciken bai auna larurar kasa sabawa kai tsaye ba, amma ya nuna irin nauyin da labarin kaɗai ke da shi, tun kafin cutar ko maganinta su yi wani abu. A Danmak kuma, binciken Jaimie Gradus na 2010 ya gano cewa waɗanda aka taɓa tantancewa da larurar kasa sabawa sun ninka sauran jama'a kusan sau 12 wajen kashe kai. A Ostareliya, Meaghan O'Donnell ta bi waɗanda suka ji munanan raunuka, ta samu kashi 19 cikin 100 da larurar bayan wata uku, kashi 16 bayan shekara guda, kuma waɗanda ke da ita a wata na uku sun fi sauran yiwuwar faɗawa wata larura mafi tsanani daga baya. Abin da ake kira ƙaramar larura bai kamata ya zo da irin waɗannan alƙaluma ba. Ban da wannan akwai asarar da ba ta shiga lissafi: zaman wankin ƙoda da aka tsallake, ƙwayar hawan jini da aka daina sha, atisayen gashin ƙashi da mai shanyewar ɓarin jiki ya ƙi yi a watannin farko, lokacin da ya fi amfani.

Babban ɓangaren maganin yana hannun waɗanda ke kula da ciwon jikin, kuma yana farawa ne tun daga yadda aka faɗi labarin. Wanda aka gaya wa mummunan sakamako a tsaye, a gaban wasu, cikin kalmomin da bai sani ba, zai cike giɓin da abin da ya fi tsoro. Bayan an ambaci sunan cutar mutane kaɗan ne ke riƙe abin da aka faɗa daga nan, saboda haka ana buƙatar zama na biyu, da wani na kusa a gefe, a fara da tambayar abin da mara lafiyan ya fahimta. Dangi a ƙasashe da dama sukan roƙi likita ya ɓoye wa mara lafiya gaskiya, kuma ƙauna ce ke sa su. Sai dai mai ciwo yakan gane daga fuskoki da raɗe-raɗin da ake yi a bakin ƙofa, daga nan ya zama shi kaɗai ke ɗauke da abin, ba shi da wanda zai yi zancen da shi. Hanyar da ta fi adalci ita ce a tambaye shi iya abin da yake son sani, da wanda yake so a yi maganar da shi, a bi abin da ya zaɓa.

Jimmie Holland, wadda ta kafa sashen kula da tunanin masu kansa a asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York a 1977, ta jagoranci samar da wani ma'auni mai sauƙi a ƙarshen shekarun 1990: mara lafiya ya nuna yawan damuwarsa a makon da ya wuce daga 0 zuwa 10, sannan ya yi alama a jerin matsaloli, na kuɗi da sufuri, na iyali, na jiki, na zuciya da na imani. Wanda ya kai 4 ko sama da haka sai a zauna da shi. Jerin matsalolin ya fi lambar muhimmanci a wurina, domin yakan nuna cewa abin da ke hana mutum barci kuɗin makarantar yara ne, ko wanda zai riƙa kawo shi asibiti, ko tsoron a sallame shi daga aiki. Irin wannan ma'aikacin jin daɗin jama'a ya fi likitan ƙwaƙwalwa iya magance shi. Direban da muka ambata, abin da zai fi ɗaga shi mai yiwuwa shi ne a daidaita masa ranakun wanki yadda zai iya riƙe wani aiki mara nauyi, a kuma zauna da shi da ɗansa a fito da zancen kuɗin fili.

Idan ana buƙatar ƙwararre, maganin farko na zance ne, kuma gajere. Ana koya wa mutum ya rarraba matsalolinsa ya kama wadda ke da mafita, ya gwada tunanin da ke azabtar da shi da abin da likitansa ya faɗa a zahiri, ya koma ayyukan da jikinsa zai iya ɗaya bayan ɗaya tun kafin sha'awar yin su ta dawo, ya kuma koyi saisaita numfashi lokacin fargaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari mai suna PM+ a 2016, zama biyar kacal, wanda ma'aikacin da ba likita ba zai iya gudanarwa bayan horo, domin wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci. Ga waɗanda cutarsu ta yi nisa akwai hanyoyin da aka tsara musamman, kamar ta Harvey Chochinov na Kanada, inda ake taimaka wa mara lafiya ya faɗi abin da yake so a tuna da shi a rubuta wa iyalinsa. Binciken Jennifer Temel na 2010 a Boston, a kan mutum 151 masu kansar huhu da ta bazu, ya nuna cewa waɗanda aka haɗa da tawagar sauƙaƙa raɗaɗi tun farko sun fi ƙarancin alamomin damuwa, kashi 16 cikin 100 a kan kashi 38 na waɗanda ba a haɗa su da ita ba, kuma matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 11.6 a kan 8.9.

Ƙwayoyi fa? Hujjar amfanin magungunan cutar damuwa a kan larurar kasa sabawa ita kaɗai ba ta da ƙarfi, kuma mai ciwon ƙoda, hanta ko zuciya ya riga yana shan magunguna da yawa da za su iya cin karo da sabon. Suna da gurbi idan larurar ta rikiɗe ta zama cutar damuwa ta sosai. Magungunan kwantar da hankali irin su diazepam da lorazepam suna iya taimakawa na 'yan kwanaki idan fargaba ko rashin barci ya yi tsanani, amma jiki na saurin sabawa da su, kuma ga tsofaffi suna jawo faɗuwa da ruɗewa. Rubuta ƙwaya ya fi zaman minti ashirin sauƙi a asibitin da layi ya yi tsawo, shi ya sa ake yawan yin sa.

Su ma dangi suna da abin gyarawa. Haƙuri da tawakkali suna riƙe mutane da yawa a lokacin ciwo, kuma babu mai hankalin da zai raina su. Illar tana zuwa ne idan "ka yi haƙuri" ta zama hanyar rufe bakin mara lafiya da zarar ya fara faɗin abin da ke ransa, ko aka nuna masa cewa tsoronsa raunin imani ne. Haka nan masu ce masa kada ya sa damuwa don ita ke ƙara cutar, suna ɗora masa laifi a kan ciwo. James Coyne da abokan aikinsa sun bi masu kansar kai da wuya 1,093, suka buga a 2007 cewa halin zuciyar mara lafiya bai nuna wanda zai fi daɗewa ba. Mutum yana da damar yin baƙin ciki ba tare da tsoron yana kashe kansa da shi ba. Idan kuma aka ji yana cewa gara ya huta, ko ya zama nauyi, ko ya fara raba kayansa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin ɗaukar ransa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, kuma idan amsar e ce, a kai shi ga likita a ranar, a kawar da tarin magunguna daga inda hannunsa zai kai.

Lokacin da aka fi sakaci da shi shi ne bayan an gama magani. An cire ƙari, an kammala allurai, an ce sai bayan wata uku ko shida a dawo. Masu zuwa dubiya sun ɗauke ƙafa, kowa na taya murna, ana jiran mutum ya koma yadda yake. A daidai nan ne wasu ke durƙushewa, domin a baya faɗi-tashin magani ya shagaltar da su, yanzu kuma sun sami sararin ganin abin da suka rasa, ga tsoron dawowar cutar duk lokacin da wani wuri ya motsa a jiki. Ya kamata a gaya wa mara lafiya da iyalinsa tun ranar sallama cewa hakan na iya faruwa, a sa masa ranar ganawa cikin 'yan makonni maimakon a jira gwajin gaba, kuma a wannan ganawar a tambaye shi barcinsa, aikinsa da zamansa da iyali kamar yadda ake tambayar tabon tiyatar.